Sarewar katako ta kiɗan Ayalan: Pratten ko Rudall, wacce zan saya?

Bazazzagin Galway:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗin da na sha wuya wajen tarawa. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin kiɗan gargajiya na wani reshen Comhaltas, ƙungiyar raya kiɗan gargajiyar Ayalan, duk daren Talata in na taso daga aiki. Da ɗan usur ɗin nan na ƙarfe mai ƙofa shida na fara, kuma alhamdu lillahi yatsuna sun riƙe ril da jig, wato kaɗe-kaɗen rawa na Ayalan, kusan talatin. To amma tun ranar da na zauna kusa da wani dattijo yana busa sarewar katako, na ji muryarta ta ƙasa tana gurnani har cikin ƙirjina, usur ya fita daga raina. Ta tuna mini da sarewar makiyaya da nake ji a bayan garinmu ina yaro, duk da cewa wannan a gicciye ake riƙe ta.

Yuro 900 na tara. Da na shiga shafukan masu ƙerawa sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce tasa ƙirar Pratten ce, wancan ya ce Rudall, wani ya ce Nicholson. Ga mai makullai, wato 'yan ƙarafunan da ake dannawa su buɗe ƙarin ƙofofi, ga marar makulli. Ga baƙin itace, ga rawaya, ga ta roba. Sannan duk Disamba nakan je gida Zariya in yi wata guda, kuma ina so in riƙa tafiya da ita. Waɗanda suka riga ni shiga harkar, ku taimaka.

Kawu na Ennis:
Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara warware maka sunayen, don su ne suka fi ruɗa mutum.

Sarewar da ake kira ta Ayalan asalinta a Landan aka ƙera ta, don makaɗan manyan zauruka na ƙarni na 19. George Rudall da John Mitchell Rose sun haɗa kamfani a farkon shekarun 1820, su ne Rudall da Rose. Charles Nicholson kuwa mabushi ne da ya shahara da manyan ƙofofin yatsu da murya mai ƙarfi. Shi ne Bajamushen nan Theobald Boehm ya ji a Landan a 1831, abin ya tsaya masa a rai har ya koma ya sake tunanin sarewa gaba ɗaya, ya fito da tasa ƙirar a 1847, wadda ita ce uwar sarewar azurfa da kake gani yau. Robert Sidney Pratten shi ma mabushi ne, a shekarun 1850 aka fara yin sarewa da sunansa, daga baya kamfanin Boosey ya ci gaba da ita.

Da manyan makaɗa suka koma ta Boehm, sai tsofaffin na katako suka zube a kasuwa da araha. Talakawan Ayalan suka kwashe, musamman mutanen Sligo da Roscommon da Leitrim, suka mai da ita tasu. John McKenna na Leitrim da irinta ya yi faifansa a New York a shekarun 1920 da 1930.

Bambancin a taƙaice: Pratten cikinta ya fi faɗi, ƙofofinta manya, gangar jikinta guda ɗaya. Rudall cikinta ya fi matsewa, ƙofofinta sukan zama matsakaita, jikinta kuma gaɓa biyu ne, ta hannun hagu da ta hannun dama. Dukkansu a muryar D suke, dukkansu cikinsu yana tsukewa ne daga wuya zuwa gindi.

Bakanon Belfast:
Kawu ya gama tarihi, ni zan faɗi gaskiya tsagwaronta. Ɗan'uwa, sayi Pratten ka huta. Kai da bakinka ka ce gurnanin ƙasa ne ya kama ka. To wannan gurnanin gidansa Pratten. Matt Molloy ya daɗe yana busa tsohuwar Pratten ta Boosey, kuma kowa ya san abin da ya yi da ita. In ka zauna a zaman kiɗa da goge huɗu da akodiyon biyu da banjo, Rudall ba za ka ma ji kanka ba. Hammy Hamilton, mutumin nan na Belfast da ya koma Cúil Aodha a yankin Cork, a kan wannan salon ya yi suna.

'Yar Katsina a Limerick:
Yaya Bakano, a yi haƙuri, wannan maganar ce dai aka yi mini har ta ja mini asarar wata takwas. Ni ma Pratten na fara saya saboda an ce ita ce mai ƙarfi. Hannuna ƙarami ne. Tsakanin ƙofa ta biyar da ta shida akwai rata, ta biyar ɗin kuma babba ce, fatar yatsana ba ta rufe ta duka. Iska tana zurarewa ta gefe, D ta ƙasa ta ƙi fita, ni kuma ina ta ƙara matsawa har wuyan hannuna ya fara ciwo. Kullum in gama minti ashirin sai in ji jiri, don tana shan numfashi kamar ana cika tulu mai yoyo. Na ɗauka laifin bakina ne.

Ranar da malamarmu ta miƙo mini tata, mai ƙananan ƙofofi, a busa na farko D ɗin ta fito. Har hawaye na yi. Na sayar da waccan, na samu ƙirar Rudall, na ɗan juya gaɓar hannun dama ciki kaɗan yadda yatsuna suka kwanta. Wannan juyawar kuwa ba ta yiwuwa a jiki guda.

Zancen ƙarfi kuma, Catherine McEvoy tsohuwar Rudall da Rose take busawa. A saurare ta sannan a zo a ce mini ba a jin ta.

Bakanon Belfast:
Ƙanwata, ban musa ba, amma ke mace ce mai ƙaramin hannu. Shi namiji ne.

'Yar Katsina a Limerick:
Ka ga hannunsa ne, Yaya? Akwai maza masu siraran yatsu, akwai mata masu kauri. Abin ba tsawon yatsa kaɗai ba ne, har da faɗin fatar da za ta toshe ƙofar. Bazazzagi, ɗauki takarda ka shimfiɗa hannun damanka ba tare da ka takura shi ba, ka ga iyakar buɗewar yatsu ukun nan. Akwai masu ƙira da suka lura da wannan tun tuni. Casey Burns na Amurka ya yi suna da sarewa ta masu ƙananan hannu, Terry McGee na Ostareliya kuma yana da wata mai ƙananan ƙofofi da ya kwaikwayo daga tsohuwar ƙirar Firth da Pond ta New York.

Kawu na Ennis:
Ku biyun duk kuna da rabon gaskiya, amma akwai abin da kuka tsallake. Sunayen nan yau sun zama kamar a ce "shadda". Shadda iri nawa ce a kasuwa? Kamfanin Rudall ya yi shekaru da yawa yana ƙira, ya yi masu ƙananan ƙofofi, ya yi masu manya. Mai ƙirar yau in ya ce Rudall, wata guda ɗaya ya auna, sannan ya gyara ta yadda ya ga dama. Patrick Olwell a Virginia yana yin ukun duka, Pratten da Nicholson da Rudall, kuma duk wanda ya busa su zai ce maka hannun mutum ɗaya ake ji a cikinsu. Rudall ɗin marigayi Michael Grinter, irin wadda Kevin Crawford ya yi ta busawa, ba wanda zai kira ta mai rauni.

Abin da ya fi sunan tasiri shi ne ramin busawa, yadda aka yanka shi da yadda aka rarake ƙarƙashinsa. Wani ramin yana yafe wa sabon baki, wani kuma sai ka saita iskarka kamar zare a kunnen allura, amma in ka same shi zai ba ka launin murya da wancan ba shi da shi. Wannan ba a ganinsa a hoto. Gani ya kori ji, a nan kuwa busawa ta kori duka biyun.

Bakano, ƙarfin da kake ji a kunnenka kai mai busawa daban yake da wanda ke kai wa ƙarshen ɗaki. Na sha zama a bayan zaure in ji siririyar murya ta ratsa goge shida, mai faɗin kuma ta narke a cikinsu.

Bakanon Belfast:
Na karɓa, Kawu. Amma dai ina nan kan cewa wanda ke son salon Arewa mai bugun numfashi, irin na Harry Bradley, zai fi jin daɗin wadda ke karɓar iska da yawa ba ta shaƙe ba.

Bazazzagin Galway:
Allah ya saka da alheri. Na auna hannun kamar yadda Anti ta ce, matsakaici ne, amma yatsun sirara. To batun makullai fa? Wani a ajinmu ya ce marar makulli rabin sarewa ce.

Malamin Kiɗa:
Wanda ya faɗa maka haka bai yi maka adalci ba. Mafi yawan kiɗan nan a D da G yake, da danginsu E da A da B masu sanyin murya. Duka ƙofa shida ta ishe su. C ɗin da kake buƙata a G da haɗa yatsu ake fitar da ita, kamar dai yadda kake yi a usur: ka ɗaga na farko, ka rufe na biyu da na uku. Ƙofofi biyun da za ka gani a can gindin wasu sarewun ba na yatsu ba ne, na fitar iska ne, suna zaune a inda makullan C na tsohuwar ƙira suke.

Tsohuwar ƙirar makulli takwas gare ta. A cikinsu waɗanda mai kiɗan gargajiya ya fi taɓawa su ne F da G mai kaifi da B mai sanyi. Amma ga inda zan ja hankalinka: a Galway kake. Gabashin Galway an san shi da kiɗa mai shiga D da G masu sanyin murya, irin na mai goge Paddy Fahey. Waɗannan suna neman F tsantsa. Shi ya sa Paddy Carty na Loughrea ya yi amfani da sarewa mai tsarin Radcliff, mai cike da makullai. In wannan salon ne ya shiga ranka, wata rana za ka nemi makulli.

Sai dai wata ranar ba yau ba ce. Da Yuro 900 ba za ka sami mai makulli shida ta kirki ba, kuma wurin fitattun masu ƙira layin jira yakan kai shekaru. Ka tambayi mai ƙirar tun yanzu ko yana iya ƙara makullai daga baya. Masu dasa su a kan ginshiƙan ƙarfe suna iya ƙarawa a jikin da kake da shi. Masu sassaƙa mazaunin makullin daga jikin itacen kuwa, sai dai a yi maka sabon jiki ka riƙe kan sarewar na da.

Na Maraɗi:
Ni tambaya gare ni. Na ga wasu a intanet baƙaƙe masu sheƙi, har da makullai da akwati, kuɗinsu bai kai Yuro 100 ba. Me ya hana ya fara da irinsu?

Malamin Kiɗa:
Araha ba ta ado, malam. Ɗalibai uku sun kawo mini irinsu. Ɗaya ramin busawar ko gogewa ba a yi ba, ɗaya hawa na biyu, wato muryoyin sama, ya saɓa da na farko har ba ya sauraruwa, ta ukun makullanta duk suna yoyo. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibi ba ya gane kayan ne ba su da kyau, sai ya yanke wa kansa hukuncin ba shi da baiwa ya bari.

Kafinta Mai Gyara:
Salamu alaikum. Na bar ku kuka gama da sunaye, don ni layin ƙarshe na tambayar ne ya tayar mini da hankali. Disamba a Zariya, tsakiyar hunturu ke nan.

Bazazzagi, itace ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Sarewar katako ta fi son danshin iska wajen kashi 50 cikin ɗari. Galway kullum a jiƙe take. Ka ɗauko itacen da ya saba da can, cikin kwana ɗaya ka sauke shi inda leɓe ke tsagewa, ƙofar ɗaki ke saki, danshi ke faɗuwa ƙasa da kashi 20. Ga kuma inda matsalar take: yawancin sarewun nan akwai bututun ƙarfe a cikin kansu, wanda ake ja ko a tura don saita murya. Itacen zai tsuke, ƙarfen ba zai bi shi ba. Dole ɗaya ya ba da kai, kuma itacen ne. Shi ya sa in ka duba tsofaffin sarewun Landan za ka ga da yawa da tsaga a kai, wani lokaci ta ratsa ramin busawar.

Wasu masu ƙira sun rage wannan haɗarin, suna sa ƙarfen iyakar wurin saitin kawai, ba ya kai ramin busawa. Wasu ba sa sa ƙarfe sam. Ka tambaya. Alamar farko ta bushewa ita ce zoben da ke bakin gaɓa ya fara juyawa ko ya faɗo. In ka ga haka kada ka haɗa ta ma, don zoben nan shi ke riƙe da bakin.

Ɗan Fagge:
Wallahi Malam Kafinta ya faɗi abin da ya same ni. Na zo da tawa Kano a Janairu, na busa wa yara da daddare, na bar ta a haɗe a kan tebur. Kwana na huɗu da asuba na ji ƙas, kamar an karya tsinke. Tsaga ce daga zobe har kusa da ramin busawa. An gyara mini ita da na koma, tana busuwa, amma duk na kalli layin nan sai raina ya sosu.

Bazazzagin Galway:
Innalillahi. Sannu Yaya. To babu itacen da ke jurewa? Na karanta cewa baƙin itacen daga Afirka ma yake zuwa.

Kafinta Mai Gyara:
Daga Afirka yake, mafi yawa Tanzaniya da Mozambik, masu Swahili suna ce masa mpingo. Kada a ruɗa shi da kanya, ba danginsu ɗaya ba, ya fi kusa da madobiya. Yana da nauyi da maiƙo, ruwa ba ya shigarsa da sauri, shi ya sa ya fi sauran kwanciyar hankali. Amma bishiya a daji daban, bututun da aka rarake siriri aka cusa wa ƙarfe daban. Asalinsa ba zai cece shi daga hunturu ba.

Rawayan nan mara nauyi, wanda Turawa ke kira boxwood, muryarsa tana da taushi, sai dai yana da halin lanƙwasa in yanayi ya sauya. Ba zan ba ka shawararsa ba. Mopane na kudancin Afirka ja ne, yana kusa da baƙin wajen nauyi. Tsofaffin na Landan kuwa da cocus na Jamaika aka yi yawancinsu, wanda yanzu ya yi wuya, kuma yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi a leɓe.

Na Maraɗi:
An ce kuma kwastan suna kama baƙin itacen nan a filin jirgi. Gaskiya ne?

Kawu na Ennis:
Akwai tushen maganar. A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwa, ta sa dukan dangin Dalbergia cikin itatuwan da ake sa wa ido, mpingo na ciki. Masu ƙira sun sha wahalar takardu. A Nuwamban 2019 aka cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga wannan sharaɗin, ban da na itacen Brazil da ke da tsauraran dokoki tun da can. Duk da haka ka riƙe rasit ɗinka mai sunan itacen.

'Yar Katsina a Limerick:
To ni dai zan faɗi abin da wasu ba sa son ji. Ya sayi Delrin. Roba ce mai tauri da ake rarakewa a inji kamar itace, da ƙira ɗaya, da ramin busawa ɗaya. Ba ta tsagewa, ba ta neman mai, ba ruwanta da hunturu ko hita. Kuɗinta kuma zai bar masa canji mai yawa.

Bakanon Belfast:
Haba ƙanwata. Mutum ya ce katako ne ya shiga ransa, ki miƙa masa roba? Tana da nauyi, tana santsi a haɓa in ka yi gumi, ruwan numfashi kuma yana taruwa a cikinta don ba ta sha. Kuma ni dai ina jin itace yana motsi a yatsuna, ita ba na ji.

Malamin Kiɗa:
Nauyin da santsin gaskiya ne. Batun murya kuwa, na taɓa sa ɗalibaina su juya baya na busa musu biyu daga hannun mai ƙira ɗaya, ta itace da ta Delrin, suka rabu gida biyu wajen cankar wacce ce wacce. Amma ba zan raina maganar Bakano ba. Abin da mai busawa ke ji a hannunsa yana da muhimmanci, don shi ke sa mutum ya buɗe akwati kowace rana.

Kafinta Mai Gyara:
In ya nace sai itace zai kai gida, ga sharuɗɗana. Ya kwance ta duk ya gama, ya share cikinta da ƙyalle. Ya ajiye ta a robar abinci mai murfi da ɗan soso mai laima a gefe, kada sosan ya taɓa ta, da ƙaramin ma'aunin danshi. Kada ta kwana a mota, kada ta shiga kayan da ake jefawa ƙasan jirgi. Ya shafa mata man almond kafin tafiya. Zaren gaɓoɓin in ya saki ya ƙara kaɗan da kakin zuma, in ya koma Galway ya rage, in ba haka ba itacen zai kumbura ya fasa bakin. Sabuwa kuma ba a yi mata doguwar busa, minti goma zuwa ashirin a rana a makonnin farko. Gaskiya dai, sabuwar da aka saya a kaka ba zan kai ta Zariya a Disambar farko ba ko da duk wannan.

Bazazzagin Galway:
Kawu, wani ya nuna mini tsohuwa ta Landan, mai makulli takwas, kusan a kuɗin da nake da shi. Ya ce ta haura shekara 150.

Kawu na Ennis:
Bar ta, ɗana. Ina son su, ina da ɗaya, amma ba ta mai koyo ba ce. An yi su ne a zamanin da ba a tsaya kan A 440 ba, wato ma'aunin saita murya da ake bi yau, Landan ta wani lokacin har sama da 450 take kaiwa. Da yawa D ɗinsu ta ƙasa tana faɗuwa, A da B suna hawa, sai baki mai ƙwari ke tanƙwara su. Ƙara da tsaga da fatun makullai da za a sake. A wannan kuɗin kuma ina shakkar ta fito daga babban gida. In Allah ya kai mu Yuli, ka zo Miltown Malbay makon Willie Clancy, taron koyon kiɗan gargajiya da ake yi tun 1973. Masu sarewa sun cika garin, kuma yawancinsu in ka yi sallama ka tambaya da ladabi za su bar ka ka gwada.

Bazazzagin Galway:
Na dawo da labari bayan sati uku. Ban iya jiran Yuli ba, na roƙi malaminmu ya tara mini na 'yan aji, na busa guda biyar a dare ɗaya. Yaya Bakano, Pratten ɗin da na gwada muryarta ta girgiza ni, ba ƙarya ka yi ba, amma kafin in kai rabin ril numfashina ya ƙare, yatsana na tsakiya kuma yana barin gefe. Wadda ta zauna mini ita ce wata mai matsakaitan ƙofofi da gaɓa biyu, baƙin itace, ƙarfen kanta iyakar wurin saiti. Na rubuta wa mai ƙirar, ya ce zai iya ƙara makullai daga baya, na shiga layi, marar makulli. Kafin ta iso na sami Delrin ta hannu wurin wata a ajinmu, ita za ta je Zariya bana.

Malam Kafinta, matoshin da ke cikin kan Delrin ɗin kamar ya matsa, hawa na biyu yana yi mini sama-sama. A ina ya kamata ya tsaya?

Kafinta Mai Gyara:
Fara da milimita 19 daga tsakiyar ramin busawa zuwa fuskar matoshin. Sami sandar katako mai santsi, ka yi mata alama a 19, ka zura ta bakin kan har ta taɓa shi, ka leƙa ta ramin ka ga ko alamar ta zo tsakiya. In hawa na biyu yana yin sama, tura shi baya wajen murfi da milimita ɗaya, ka busa D ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, ka turo mana mu ji.